Wa Za a Ba Makullin Ɗakin da Yara Ke Kwana?

Ƙarfe biyun dare a gidan mafakar iyalai, mutum guda ne yake farke. Yana zaune a teburin bakin ƙofa, littafin shige da fice a gabansa, makullin da ke buɗe kowane ɗaki na ginin a aljihunsa. A bayan waɗancan ƙofofi akwai matar da ta gudo wa dukan miji da jaririya a goye, akwai magidancin da mai gidan haya ya watso wa kaya waje, akwai 'yan mata biyu da gobara ta cinye gidansu shekaranjiya. Cikinsu babu wanda ya zaɓi wannan mutum, ko sunan mahaifinsa ba su sani ba. Amma shi ke cewa a ƙara wa wance bargo, shi ke rubuta cewa wane ya dawo bayan an rufe ƙofa, kuma layi ɗaya daga alƙalaminsa yana iya sa a sallami iyali guda su koma kwanan titi.

Daga nan ne maganar binciken tarihin laifin masu aiki a irin waɗannan gidaje ta samo tushe. A Amurka, inda muhawarar ta fi zafi, ƙidayar da ma'aikatar gidaje ta tarayya ta yi cikin dare ɗaya a Janairun 2024 ta nuna mutum 771,480 ba su da muhalli, kusan 150,000 daga cikinsu yara ne. Jihar Massachusetts tana da doka tun 1983 da ta ba iyalai masu yara da mata masu juna biyu haƙƙin a ba su makwanci, birnin New York kuma kotuna ne suka ɗora masa irin wannan nauyi tun shekarun 1980. Gidajen da ke karɓar waɗannan iyalai galibi ƙungiyoyin jinƙai da coci-coci ne ke tafiyar da su bisa kwangila da gwamnati, da ma'aikata masu ƙaramin albashi da ɗimbin masu aikin sa-kai. Ba a ba kura ajiyar nama, wannan kowa ya yarda. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne ko takardar da ake nema tana iya gane kurar.

Binciken ba abu ɗaya ba ne. Mafi araha shi ne wanda kamfanoni masu zaman kansu ke yi: a ba su suna da ranar haihuwa da lambar shaidar ɗan ƙasa, su lalubo rumbunan bayanan da suka tara daga kotuna da gidajen yari, cikin kwana ɗaya ko biyu amsa ta fito. Sama da shi akwai kundin laifuka na jiha. Sai na zanen yatsu, wanda ake gwadawa da rumbun hukumar FBI, shi ne ya fi wuyar yaudara domin mutum yana iya canja suna amma ba ya canja yatsa. A gefe kuma akwai rajistar masu laifukan lalata da kowa ke iya dubawa a intanet, da rajistar waɗanda hukumomin kula da yara na jihohi suka tabbatar sun ci zarafin yaro ko da maganar ba ta je kotu ba. Dokar tarayya ta 1993 kan kare yara, da ƙarin da aka yi mata a 1998 da 2018, buɗe wa ƙungiyoyi ƙofar neman binciken FBI suka yi a kan ma'aikatansu da masu sa-kai. Wajabcin kuwa yawanci daga dokar jiha yake zuwa, ko sharuɗɗan kwangila, ko kuma kamfanin inshorar da ya ce ba zai ɗauki nauyin gidan ba sai an yi. Shi ya sa gidaje biyu da ke fuskantar juna a tsallaken iyakar jiha suke iya bin ƙa'idoji mabambanta ƙwarai.

Matsala ta farko a cikin kundin kansa take. Amurka tana da gundumomi sama da 3,000, kowacce da kotunanta da yadda take ajiye takardu, kuma ba kowacce ke aika bayananta sama a kan lokaci ba. Wani nazari da wata cibiyar kare haƙƙin ma'aikata ta ƙasar ta fitar a 2013 ya nuna kusan rabin bayanan da ke rumbun FBI sun nuna an kama mutum amma ba su nuna yadda shari'ar ta ƙare ba. Watau shugaban gida zai ga an kama mai neman aiki shekara tara da suka wuce, ba zai ga cewa alƙali ya sallame shi bayan mako biyu ba. Binciken da ake yi da suna kuwa, duk Bahaushe ya san inda gizo ke saƙarsa. A tara Muhammad Abdullahi nawa ne a unguwa ɗaya ta Kano, sannan a tuna cewa dubban 'yan gudun hijirar da suka shiga Amurka ba tare da takardar haihuwa ba an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sai laifin wani ya hau kan wani. Doka ta 1970 da ke kula da irin waɗannan kamfanoni ta tanadi cewa sai da izinin mutum a rubuce za a bincike shi, kuma kafin a hana shi aiki saboda abin da aka gani sai an ba shi kwafin rahoton ya samu damar cewa ba shi ba ne. Tanadi ne mai kyau, sai dai kafin a gyara kuskuren an riga an ba wani aikin.

Wannan duk gyararre ne idan an sa kuɗi da himma. Matsala ta biyu ce ba ta gyaruwa, domin a cikin yanayin laifin take. Kundin laifi yana ɗauke ne da wanda aka kai ƙara, aka kama, aka gurfanar, aka kuma same shi da laifi. Cin zarafin yara da mata kuwa shi ne laifin da ya fi kowanne zubewa a kowace gaɓa ta wannan hanya. Yaro ba ya faɗa, in ya faɗa ba a yarda, in an yarda a ji tsoron abin kunya, in an je wurin 'yan sanda a rasa shaida. Wasu masana sun bi diddigin kamen da aka yi kan laifukan lalata a jihar New York tsawon shekara 21, suka wallafa a 2008 cewa sama da kashi 95 cikin ɗari na kamen, mutanen da ba a taɓa samun su da irin wannan laifi ba aka kama. Da an bincike su ana gobe za a kama su, da takardarsu ta fito fes.

Birtaniya ta koyi wannan karatu sau biyu, duka da ɗaci. Jimmy Savile fitaccen mai gabatar da shirye-shiryen talabijin ne da Sarauniya ta ba lambar girma, ya tara wa asibitoci miliyoyin fam, ya yi shekaru yana aikin sa-kai na tura marasa lafiya a keke a babban asibitin Leeds. A asibitin Stoke Mandeville ɗaki aka ba shi, a asibitin masu taɓin hankali na Broadmoor makullai aka damƙa masa. Ya mutu a 2011 kotu ba ta taɓa samunsa da laifin lalata ba. A Janairun 2013 rahoton 'yan sanda ya lissafa laifuka 214 a kansa, mafi yawan waɗanda abin ya shafa yara ne a lokacin. Babu wani bincike na kundin kotu da zai tsayar da shi. Mutane sun gani, wasu ma'aikatan jinya sun yi ta raɗe-raɗi, amma wa zai tunkari mai kawo kuɗi?

Ɗaya karatun kuma shi ne na garin Soham. A Agustan 2002 wani mai kula da ginin makarantar sakandare, Ian Huntley, ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara goma. Bayan shari'a sai ta bayyana cewa a shekarun 1990 an sha kai ƙorafinsa ga 'yan sandan yankin Humberside kan fyaɗe da lalata da ƙananan 'yan mata, ba a dai taɓa yanke masa hukunci a kai ba, kuma rundunar ba ta adana bayanan yadda za su amfanar ba. Da ya nemi aikin makaranta a wani yanki ya yi amfani da wani sunan daban, masu binciken kuma suka yi kurakurai wajen shigar da bayanansa. Kwamitin Sir Michael Bichard ya ba da rahoto a 2004, daga nan aka yi dokar 2006 da ta kafa tsarin haramta wa wasu mutane aiki da yara da manya masu rauni. A yau hukumar DBS mai tantance tarihin laifin masu neman aiki, wadda aka kafa a Disambar 2012 don Ingila da Wales, tana da matakan bincike daki-daki. A mataki mafi zurfi 'yan sanda suna iya ƙara bayanin da suke ganin ya dace ko da bai kai ga hukunci ba, a kuma duba ko sunan mutum yana jerin waɗanda aka haramta wa aikin.

To amma a lura da abin da aka saya da abin da aka biya. Don a kama irin su Huntley dole aka yarda zargi ya shiga takarda, zargi kuwa ba hukunci ba ne. Malamin da ɗaliba ta yi wa ƙazafi, ko mutumin da tsohuwar matarsa ta kai ƙara lokacin rikicin rabuwa, yana iya ganin maganar ta biyo shi shekaru. Sannan tsarin da aka tsara bayan Soham ya yi faɗin da sai da ya tashi haɗiye mutum kusan miliyan 11, har iyayen da ke kai yaran maƙwabta filin ƙwallo a mota a kai a kai. A 2009 wasu fitattun marubuta littattafan yara suka ce gara su daina ziyartar makarantu da a sa su yin rajista kamar waɗanda ake tuhuma. Gwamnatin da ta hau a 2010 ta dakatar da shirin, dokar 2012 ta rage shi sosai. Wani abin da ba a cika faɗa ba kuma: 'yan matan Soham ba a makarantar da Huntley ke aiki suke karatu ba, ta hanyar budurwarsa da ta yi aiki a ajinsu na firamare suka san gidan.

Yanzu a juya ɗaya gefen. A ce shugabar wani gidan mafaka tana neman mai aikin dare, fayil biyu a gabanta. Na farko saurayi ne mai digiri, takardarsa babu ɗigo, ya yi aiki a gidajen yara uku cikin shekara huɗu, kowanne ya bar shi ba tare da wani bayani ba, kuma waɗanda ya rubuta a tuntuɓa duk abokansa ne. Na biyu mace ce 'yar shekara 44. Tana da hukunci biyu: an same ta da ƙwaya tana da shekara 23, an kuma ci ta tara saboda kwana a harabar wani shago. Ta zauna a irin wannan gida da 'ya'yanta, ta bar shaye-shaye shekara goma sha biyar, ta san abin da uwa ke ji ranar da ta fara shigowa da kayanta a leda. Dokar da ta ce duk mai tabo a kundi a ajiye fayil ɗinsa za ta kori ta biyu ta buɗe wa na farko ƙofa. Ni kuwa da ni ce shugabar, fayil na farko ne zai hana ni barci.

Irin wannan mata ba tsiraru ba ne. Ana ƙiyasta cewa Amurkawa sama da miliyan 70 suna da wani abu a kundin laifi, kusan ɗaya cikin kowane baligi uku, kuma nauyin ya fi faɗawa kan baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. Rashin muhalli kansa yana haifar da tabo, musamman tun da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a Yunin 2024, a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon, cewa birane suna iya hukunta masu kwana a waje. Mutanen da suka fi kowa sanin gidan mafaka daga ciki su ne kundin ya fi kamawa.

Dokar aiki ta Amurka tana da ma'aunin da na ga ya fi hankali. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ce ta aza harsashinsa a shekarun 1970 a ƙarar da wani baƙar fata ya shigar kan kamfanin jirgin ƙasa na Missouri Pacific, hukumar tabbatar da adalci wajen ɗaukar aiki ta sake jaddada shi a 2012. A duba girman laifin, a duba tsawon lokacin da ya wuce, a duba alaƙarsa da aikin da ake nema. Hukumar ta kuma ce kamu shi kaɗai ba hujja ba ne cewa mutum ya aikata. Batun lokaci ma an auna shi. Alfred Blumstein da Kiminori Nakamura sun bi mutum kusan 88,000 da aka fara kamawa a New York a 1980, suka wallafa a 2009 cewa wanda ya zauna lafiya tsakanin shekara huɗu zuwa takwas, gwargwadon laifinsa da shekarunsa, yiwuwar a sake kama shi tana saukowa daidai da ta sa'o'insa na gari. Amma wannan nazari fashi da fasa gida da jikkata mutum ya auna, kada a ja shi zuwa inda bai je ba. Wanda kotu ta samu da lalata da yaro, ko fyaɗe, ko safarar mutane, a ganina babu yawan shekarun da zai sa a ba shi makullin ɗakin iyalai. Tubansa tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma akwai ayyuka dubu da zai ci abinci da su. Wanda ya yi almundahana a nisanta shi da sito da asusu, wanda aka kama da tuƙi cikin maye kada ya ja motar yara. Kowane tabo da ƙofar da yake rufewa.

Masu aikin sa-kai kuma tasu matsalar lokaci ce. Bala'i ba ya jiran takarda. Da guguwar Katrina ta afka wa New Orleans a Agustan 2005, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta karɓi ɗimbin sababbin hannaye cikin 'yan kwanaki, daga baya aka yi ta zargin karkatar da kayan agaji, aka kuma gano akwai masu tarihin laifi a cikin masu sa-kan. A 2006 ƙungiyar ta mayar da binciken tilas. Hanyar da ta fi aiki ita ce a tantance mutane tun ana zaman lafiya a ajiye sunayensu, ranar da abu ya faru kuma a raba aiki gida-gida: wanda ya zo yau ba a san shi ba ya sauke buhuna daga mota, ya dafa abinci, ya share fili, amma ɗakin kwana da wurin wasan yara da rakiyar banɗaki sai wanda aka riga aka tantance. Akwai kuma rukunin da ake yawan mantawa, watau masu gadi da masu shara da direbobi da wani kamfani na daban ya kawo. Lokacin da iyalai suka yi wa Massachusetts yawa har jihar ta ƙayyade adadinsu a 7,500 a 2023, otal-otal aka mayar gidajen mafaka, otal kuwa da ma'aikatansa yake zuwa. A farkon 2025, bayan an kama wani mazaunin irin wannan otal a garin Revere da bindiga da ƙwaya, gwamna Maura Healey ta ba da umarnin a riƙa binciken masu neman mafakar su ma. Wannan wata magana ce daban da bai kamata a cakuɗa ta da ta ma'aikata ba. Wanda aka hana aiki zai nemi wani aikin, uban da aka hana mafaka kuwa da 'ya'yansa zai kwana a waje.

Ƙungiyoyin agaji na duniya sun gano iyakar takardar 'yan sanda ta hanya mai muni. A 2002 wani binciken hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Save the Children a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo ya kawo zargin cewa ma'aikatan ƙungiyoyi fiye da 40 suna musayar abinci da tamfol da magani da jikin 'yan mata. A 2018 asirin ƙungiyar agaji ta Oxfam ya tonu: bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010 wasu manyan ma'aikatanta sun riƙa kawo mata masu zaman kansu gidan da ƙungiyar ta kama musu, aka bincika a 2011, aka bar shugaban ofishin ya ajiye aiki salin-alin, ya wuce ya samu wani aikin agaji a Bangaladash. Babu kotun da ta gan shi, saboda haka babu kundin da ya san shi. Abin da ya biyo baya a 2019 shi ne wani tsari da manyan ƙungiyoyin agaji suka amince da shi: kafin ka ɗauki ma'aikaci ka tambayi wuraren da ya baro ko an taɓa samunsa da lalata ko cin zarafi, ko kuwa ya ajiye aiki ana cikin bincikensa, su kuma wajibi ne su amsa. Tambaya ce mai sauƙi, amma ta toshe ramin da zanen yatsu bai taɓa toshewa ba.

Wanda ya san Maiduguri ba sai an yi masa fassara ba. A ƙarshen Oktoban 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da bayanan mata da 'yan mata 43 a sansanonin gudun hijira bakwai na birnin, waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka yaudara da alƙawarin aure ko abinci ko 'yan kuɗi. Waɗanda aka zarga shugabannin sansani ne da 'yan kato-da-gora da 'yan sanda da sojoji. Shugaba Buhari ya ba da umarnin bincike, daga baya aka sanar da kama wasu jami'ai. A 2018 Amnesty International ta kawo makamancin wannan daga Bama da wasu garuruwan Borno. Mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi, domin wasu daga cikin waɗanda ake zargi kakin hukumar da ke ba da takardar shaidar kyawun hali suke sanye da shi. Abin da ya ba su dama a fili yake: abinci bai isa ba, a hannunsu yake, kuma mace ba ta fita neman itace ko sana'a sai da izinin mai tsaron ƙofa.

Najeriya tana da kayan aikin, a takarda. Rundunar 'yan sanda tana ba da shaidar kyawun hali daga kundinta na laifuka, ko da yake masu neman biza ne suka fi saninta. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ta buɗe rajistar masu laifukan lalata ta ƙasa a Nuwamban 2019 a ƙarƙashin dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, Ekiti da Legas ma sun riga ta buɗe nasu. Sai dai rajista abin da ya kai gaban hukuma kawai take riƙewa. A ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yari jiran shari'a suke, inda kuma maganar fyaɗe ta fi ƙarewa a zauren mai unguwa da "a rufa wa yarinya asiri, a yi sulhu", takarda mai tsabta ba ta ce komai ba sai cewa ba a kai mutum gaban alƙali ba.

Abin mamaki, muna da namu salon binciken da ya fi kama da tsarin 2019 fiye da na FBI. Idan aka zo neman auren 'yar mutum, ba ofishin 'yan sanda yake zuwa ba. Yana tura ƙanensa ko amininsa unguwar yaron, a tambayi limamin masallacinsu, a zauna da mai shayin bakin layi, a ji ta bakin wanda ya koya masa sana'a, in ya taɓa aure a bi ta ƙarƙashin ƙasa a ji me ya raba su. Mai neman yaron shago ma sai ya ce a kawo wanda zai tsaya masa. Wannan bincike yana jin abin da kotu ba ta taɓa ji ba. Rauninsa kuma mun san shi: kara. Mutum ya san halin wane sarai, amma a tambaye shi sai ya ce "wallahi ban san shi da komai ba sai alheri," don kada a ce shi ya toshe wa ɗan maƙwabci hanyar abinci. Da wannan karar ake sallamar malamin da aka kama da ɗaliba ba tare da an rubuta komai ba, wata uku a gan shi a wata makarantar. Mai tambaya da ya iya aikinsa ba ya cewa "yaya halinsa?" Cewa yake, "Alhaji, in da 'yarka ce a ɗakin, za ka ba shi makulli?" Sannan ya saurari tsawon shirun da zai biyo baya.

Saboda haka ina goyon bayan a yi binciken, a kuma maimaita shi, kamar yadda dokar Amurka ta 2014 ta wajabta wa gidajen renon yara duk shekara biyar. Yana kama 'yan kaɗan da bai kamata su kusanci wurin ba, yana kuma sa wasu su fasa nema tun daga gida. Haɗarinsa shi ne kwanciyar hankalin da yake sa wa shugabanni. An sa takarda a fayil, inshora ta gamsu, mai ba da tallafi ya gani, sai a ɗauka an gama. Alhali abubuwan da suka hana ɓarna a inda aka gwada su na tsarin gida ne. Babba ɗaya ba ya keɓewa da yaron da ba nasa ba. Ƙofar ofis tana da gilashi. Banɗakin mata yana da fitila da sakata daga ciki, ba a bayan sansani cikin duhu yake ba. Katin abinci da sunan uwa ake yin sa, mata ne ke rabo, kuma wanda ke rabon ba shi ke rubuta sunayen masu karɓa ba. Ma'aikaci ba ya ba mazauniya lambar wayarsa ta kansa ko kyauta a ɓoye. Mafi wuya a cikinsu ita ce hanyar ƙorafi da ba ta bi ta teburin wanda ake ƙorafi a kansa ba, wadda mace za ta bi ta tabbata gobe gadonta yana nan. Daren 10 ga Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, dubban iyalan Maiduguri suka kwana a makarantu da sansanin Bakassi da aka sake buɗewa, babu wanda ke da lokacin ɗaukar zanen yatsun kowa. Amma ko a wannan dare ana iya cewa aji kaza na mata da yara ne, mata biyu ne a ƙofarsa.

A nan ne kuɗi ke shigowa, kuma a nan ake gane abin da aka ɗauka da muhimmanci. FBI dala 18 take karɓa ta ba mutum kwafin tarihinsa, a Ingila ma masu aikin sa-kai ba sa biyan kuɗin hukuma a kan bincike mai zurfi. Abu ne da ake biya sau ɗaya, a samu rasit a nuna wa mai binciken kuɗi. Ajiye mutum na biyu a teburin nan na ƙarfe biyun dare kuwa albashi ne na dare 365 a shekara, kuma in kasafi ya matse, layinsa ake fara gogewa.